Taken Babana a Kasuwar Babura

Shekarar da na fara yawon ɗaukar kiɗa, Inna ta riga ta daina fita ko da ƙofar gida. Ƙafafu sun ƙi, ido ya yi hazo, amma kunne garau, har abin da ba a so ta ji sai ta ji. Ina koyar da Hausa a Kazaure a lokacin, na kuma koma ƙarin karatu, aka ce in zaɓi abin da zan yi bincike a kai. Na zaɓi kiɗan sana'a a ƙasarmu, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa da Babura. Duk ƙarshen mako sai in rataya jaka in hau babur in bi ƙauyuka da 'yar rakodata, ina cigiyar masu ganga da masu kalangu. Kafin in wuce sai na ratsa ƙauyenmu da ke bayan Roni na gaishe ta.

Ba ta taɓa yarda cewa wannan aiki ne ba. A ganinta, magidanci mai albashi da zai riƙa bin maroƙa gari-gari, to a bincika lafiyarsa. Takan tsokane ni wai ko dai ta sa a yi mini ganga tawa ta kaina in huta da bin ta mutane, ni kuma in ce mata sai in ta yarda za ta riƙa yi mini amshi. Haka muke yi kullum, har wata Asabar da na je, bayan gaisuwa tana murza bakin zanenta, sai ta ce:

"Tunda abin naka ya zama sana'a, ka ɗauko mini taken babanku. Ina son in ƙara jin sa kafin in tafi."

Na ce mata wannan ai ƙaramin abu ne, ta sa a ranta an gama. Da gaske nake faɗa, don a lokacin ban ga abin da zai hana ba.

Take shi ne kiɗan da makaɗi ke ware wa mutum ɗaya, ya zama nasa shi kaɗai, duk inda aka buga an san da wa ake. A ƙauyenmu ba kowane manomi ke da shi ba, sai wanda ya yi fice a gayya, ranar da gari ke taruwa a yi wa mutum ɗaya aikin gonarsa, a jera sahu, makaɗi na biye da gangar noma. Babana na da nasa tun kafin a haife ni. Abin da gangar ke cewa kaɗan ne: sunkuya, sunkuya, bakin gona da nisa. Mutum ne mai sanyin magana, a gida sai ka matsa kusa kafin ka ji abin da yake faɗa, amma da an juya ganga zuwa takensa sai ya zama wani. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya damƙi ƙotar garmarsa ta hannu, ya sa kai, ba ya ɗagowa sai ya fita bakin gona, samarin da ya isa ya haifa suna baya suna haki. Mata na tafe da ƙwaryar fura a ka, tun daga nesa Inna ke gane kiɗan, ta sunkuyar da kai don kunya, ƙawayenta na zungurinta. Ya rasu ina makarantar kwana, cikin bazara, ana dab da saukar ruwa. Tun daga nan ban sake jin taken ba, ban kuma yi mamaki ba, don gayyar ma ba ta daɗe a bayansa ba. Garmar shanu ta karɓi huɗa, maganin feshi ya karɓi noma, aka daina gayyatar kowa.

Ya kamata in faɗi irin bakin da nake da shi a wancan lokacin. A makaranta, duk wanda ya tashi magana a kan kiɗan gargajiya da ta'aziyya yake farawa: ya mutu, zamani ya kashe shi, a yi maza a ɗauka a adana kafin tsofaffi su ƙare. Wannan magana tana ƙona mini rai. Mutanen da ba sa shiga ƙauye sai ranar ɗaurin aure su ne ke raba gadon abin da ke numfashi. Ni na ga matan wani ƙauye a Gwiwa sun kifa ƙaramar roba a cikin ruwa suna kiɗan da iyayensu ke yi da ƙwarya, waƙar kuwa sabuwa fil, a kan tsadar taki. Na ga mai kalangun mahauta a Kazaure ya yi wa 'yan acaɓa take, kowa da nasa, suna tsayawa su amsa da hon. Na ga wani makiyayi a hanyar Roni ya ɗauki busar sarewarsa a waya, in ya gaji da busa sai ya kunna wa shanunsa. Saboda haka duk inda na tsaya abu ɗaya nake faɗa: kiɗa bai mutu ba, gida yake sakewa, yana bin gumi duk inda gumi ya koma. Ina jin daɗin wannan magana tawa ƙwarai, har ɗalibaina suka haddace ta suna kwaikwayona da ita a bayan aji.

Makaɗin babana ya bar garinmu da daɗewa. Na tambaya aka ce yana Kanya Babba wurin 'yarsa. Na je Kanya Babba, 'yar ta ce in dai ranar kasuwar Babura ce ba a samunsa a gida, yana can wurin 'yan lodi. Na ɗauka dako yake yi da tsufansa, har tausayi ya kama ni. Ta yi dariya ta ce a'a, kiɗa yake yi musu.

Na isa Babura da hantsi. Kaka ce, gefen 'yan hatsi ya cika maƙil, buhunan gero da riɗi an jibge su sun fi mutum tsayi, dillalai na ciniki wani da naira wani da sefa. Manyan motoci sun juyo baya, an jingina wa kowacce katako mai faɗi daga ƙasa, 'yan lodi na ɗaukar buhu a wuya su haye da gudu su sauke su dawo. Ina cikin kafe babur, ban kai ga ganin kowa ba, na ji shi. Sunkuya, sunkuya, bakin gona da nisa. Na tsaya riƙe da kan babur, wani mai baro yana ta yi mini magana in ba shi hanya. Abin da ya zo mini a rai wauta ce: na ɗauka 'yar ta yi masa waya ta ce ina tafe, shi ne ya tarbe ni da taken gidanmu. Hawaye ya cika mini ido, na ciro rakoda na danna, na kutsa cikin mutane ina murmushi.

Makaɗin yana zaune a kan buhu, ya tsufa ya ƙanƙance, gangar ta kusa rufe shi. Ko kallon inda nake bai yi ba. Idonsa na kan wani dogon saurayi siriri da yagaggiyar rigar 'yan ƙwallo, wanda aka ɗora wa buhu a wuya. Tsohon ya ɗaga murya ya kira suna, ya haɗa da sunan uba da na gari, kamar yadda ake yi. Ba sunan babana ba ne, garin ma ba a ƙasar nan yake ba, yana can tsallaken iyaka. Saurayin ya yi kuwwa ya amsa, ya haye katakon da gudu, abokan aikinsa na tafi. Ya sauko aka ɗora masa wani, aka sake buga masa. Ina tsaye da rakoda a hannu tana ɗauka har suka cika motar.

Sai da aka tashi don sallar azahar na sami tsohon a inuwar wata rumfa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ɗan gidan wa nake. Ya daɗe yana kallona, ya yi wa babana addu'a, ya ce goshin nan nasa ne. Daga nan na kasa jira.

"Baba, taken da kuka buga ɗazu na babana ne."

"A da nasa ne," in ji shi. "Na kai muku har ƙofar gida, ba ku karɓa ba."

Al'adar na san ta, har na ɗauke ta daga bakin tsofaffin wasu garuruwa. In mai take ya rasu, da ruwan shuka ya sauka sai makaɗinsa ya zo ƙofar gida da safe ya buga taken. In ɗa ya fito da garmar mamacin a kafaɗa, take ya zauna a gidan, ya zama na ɗan, shi kuma ya ci gaba da kai wa makaɗi daminsa duk kaka. In ba wanda ya fito, makaɗi ya tafi da abinsa, ya ga dama ya binne, ya ga dama ya ba wani. Na sha bayanin wannan a aji a matsayin abin da mutanen da ke yi. Ban taɓa sanin an yi a ƙofar gidanmu ba, don ba wanda ya gaya mini.

Ya ce ya zo da safe, ƙasa na da danshi. Ya yi ta bugawa har maƙwabta suka fito. Can sai yayana ya leƙo daga zaure, hannunsa ba komai, ya ce masa gidan nan ana makoki, kuma su yanzu sun bar irin waɗannan abubuwa, ya yi haƙuri ya tafi. Ko ruwa ba a ba shi ba, kuma wannan ita ce maganar da ya fi maimaita mini. Ya riƙe taken shekara da shekaru bai buga wa kowa ba, har ya lura hannunsa ya fara mantawa da shi. Sai ga wannan ɗan ci-rani ya zo kasuwa, ba shi da surutu, ba ya ɗaga kai sai mota ta cika. Wata rana ya gwada masa, saurayin ya amsa, shi ke nan.

Na roƙe shi. Na ce ba ƙwace nake so in yi ba, sau ɗaya tak nake so ya buga da sunan babana in ɗauka in kai wa Inna, ba ta da lafiya, ita ta aiko ni. Na ce in nan ne bai dace ba, in ɗauke shi a mota har ƙauyenmu ya buga a ƙofar ɗakinta, in dawo da shi. Ya girgiza kai.

"Mai shi yana raye, ga shi can yana alwala. In kira wani da kayansa? Kuma in na kira babanka, wa zai amsa?"

Na ce ni zan amsa. Ya ce ai lokacin amsawa ya wuce tun ina ɗan makaranta. Kada wani ya ɗauka labarin waliyyi nake bayarwa. Yana gama hana ni ya miƙo hannu yana neman na goro, ya kuma tuna mini cewa tun rasuwar ba a kai masa ko zangarniya ɗaya daga gidanmu ba. Na ba shi, na tashi raina a ɓace. Har yau ina ganin da ya so da ya yi, tsohuwa ce ke roƙo a kan gadon ciwo. Amma haushinsa bai kai rabin wanda na tafi da shi Kazaure ba.

Yayana shi ne ɗan farin Inna, ya girme ni da nisa. Yana da shago a Kazaure, taki yake sayarwa da maganin feshi, gonar babanmu ma shi ke juya ta da tarakta da 'yan ƙwadago. Mutumin kirki ne a bakin kowa, shi ya riƙe karatuna bayan rasuwar, kuma bai taɓa bari na manta ba. Na same shi yana auna wa wani manomi magani, na jira ya sallame shi, na faɗa masa daga inda nake. Da farko bai ma tuna ba. Abin da ya sa na tuƙo babur daga Babura ban tsaya ko'ina ba, shi sai da ya yi dogon tunani kafin ya gano wace safiya nake nufi. Da ya tuna sai ya yi dariya, ya ce au, ashe tsohon maroƙin nan yana nan da ransa.

Na ce masa ya ba da abin da ba nasa shi kaɗai ba. Na ce ko aike ne ai sai a yi mini a makaranta in zo in ɗauki garmar, a ce wa tsohon ya dawo. Ya daina dariyar, ya ajiye mazubin da ke hannunsa.

"To da ka ɗauka fa? Kai za ka yi noman? Ni na tsaya a kan gidan nan kana can kana cin shinkafar gwamnati. Makaɗi dami yake so duk shekara, ni kuma a lokacin abin da za ku ci nake nema."

Akwai gaskiya a maganarsa, amma ba ita ke nan ba, ni da shi mun sani. Kunya yake ji. Ya fara zama da mutanen birni, ba ya son a ce an ga maroƙi da ganga a ƙofar gidansu. Ba a tambaye ni ba, ba a tambayi kowa ba, mutum ɗaya ya leƙo daga zaure ya sallami abin da babanmu ya yi shekaru yana zubar da gumi kafin ya samu. Na fita ban yi masa sallama ba, muka daɗe gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Saura Inna. Duk zuwan da na yi sai ta tambaya, in ce mata ana nan ana nema, jikinta kuwa ƙara sanyi yake yi. Daga ƙarshe na zauna gaban kwamfuta da abin da na ɗauko a kasuwa. Wannan aikin na iya shi. Na yanke inda tsohon ya kira sunan saurayin, na yanke amsawar, na rage ƙugin motoci da hayaniyar dillalai, na haɗa bakin kiɗan har ba ka jin inda aka yi ɗinki. Ya fito tsaf, ganga zalla. Abu ɗaya ya gagare ni. Tun a kasuwa na lura tsohon ya ƙara wa kiɗan sauri don ya dace da ƙafar mai hawa katako. Na gwada rage saurin, muryar gangar ta lalace, na bar shi haka, na ce shekarun da yawa, ba za ta tuna ba. Ban ga laifin abin da na yi ba, har gobe kuma ba zan gani ba.

Na kai mata wata Juma'a da hantsi. Tana kwance a gadonta na ƙarfe, na taimaka mata ta jingina da bango, na ajiye waya a kan matashi kusa da kunnenta na kunna. Bugun farko ta rufe ido. Yatsunta suka fara motsi a kan zane, leɓenta na bin kalmomin, fuskarta ta saki, har ta sunkuyar da kai irin yadda take yi a bakin gona. Na ce a raina alhamdulillahi, na fita kunya. Sai na ga yatsun sun tsaya. Ta ce in mayar daga farko, na mayar, ta saurara har ƙarshe idonta a buɗe.

"Wannan ba noma ake yi ba," ta ce. "Mai garma sai ya sara ya ja, ya sara ya ja. Wannan gudu yake yi. Wa aka ba?"

Ba yadda zan yi, na gaya mata komai, kasuwar da saurayin da abin da tsohon ya ce. Da na zo kan safiyar da aka zo ƙofar gida sai na fara kewaye-kewaye, don kada in ɓata mata ɗanta. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Ina ɗaki ina ji. Ina cikin takaba, ba halin fita. Garmar tana ƙarƙashin gadon nan, na jawo ta har bakin ƙofa ina jira ya shigo ya ɗauka. Na ji fitarsa, na ji abin da ya ce."

Na tambaye ta me ya hana ta kira shi. Tambayar banza ce, na san amsar. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa aikensa baki da baki ba, in tana son abu a wurinsa sai ta faɗa wa ɗayanmu ya isar. A safiyar nan kuwa ba kowa a tsakar gida, mata sun tafi rijiya, ni ina makaranta. Ta ce ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Tana tsaye riƙe da ƙotar har ta ji gangar ta yi shiru. Ta mayar da garmar inda take, ba ta sake tayar da maganar da kowa ba, shi kansa yayan nawa bai san ta ji ba. Aiken da ta yi mini ma, fata take yi tsohon ya binne taken, ya zama yana nan a ajiye na mai shi.

Ana yabon wannan kunya a taro, ni ma na sha koyar da ita a matsayin kyakkyawar ɗabi'ar iyayenmu mata, ɗalibai na rubutawa. Ranar nan na tsane ta. Taku kaɗan ne tsakanin ƙofar ɗakin Inna da zaure.

Can sai ta tambaye ni ko saurayin yana da ƙwazo, ko yana ɗaga kai kafin aiki ya ƙare. Na so in yi ƙarya, na kasa. Na ce ba ya ɗagawa. Ta gyaɗa kai ta ce to ba a wulaƙanta shi ba, in duƙa in jawo garmar. Tana can kusa da bango, an naɗe ta da tsohon buhu. Bakin ya yi tsatsa, amma ƙotar ta yi baƙi tana sheƙi, har da ɗan lotsawa inda hannun babana ke zama. Na sa hannuna a wurin. Zuciyata ta yi fari, na ɗauka ni za ta ba.

"Ka kai masa. Ba a raba take da garmarsa."

"Inna, ni fa?"

"Kai ai ka ɗauka a wayarka."

Da muryar tsokanar nan tata ta faɗa, har da ɗan murmushi, kamar lokacin da take cewa a yi mini ganga. Na yi dariya don kada ta gane, amma ban taɓa jin maganar da ta soke ni irin wannan ba.

Ba ta ga daminar da ta biyo ba. Ni kuwa na gama kundin binciken, na sa labarin kasuwar Babura a ciki ba tare da na ambaci gidanmu ba, kuma shi ne babin da aka fi yabawa. Ɗaya daga cikin malaman da suka zauna a kan kundin ya ce bai taɓa ganin hujja mai ƙarfi irin wannan ba a kan cewa kiɗanmu yana raye: take ya tashi daga gona ya koma kasuwa, har ya tsallaka iyaka. Na ce na gode. Maganar nan tawa ta gumi gaskiya ce, ban janye ta ba, amma ban sake faɗin ta a aji ba.

Garmar dai na kai ta tun Inna na da rai, ranar kasuwar da ta biyo. Na ɗaure ta a bayan babur, na sami saurayin a gindin wata mota yana cin ɗanwake. Na gaya masa ko ni wane ne da abin da ke tafe da ni. Ashe bai ma san taken yana da mai shi a da ba, shi a zatonsa tsohon ya ƙirƙira masa ne. Ya goge hannu a rigarsa, ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya yaba ƙotar. Ya ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ba tsohuwa lafiya, ya ji ƙan mai ita. Yaro mai ladabi, ko abin da zan riƙe in ƙi shi bai bar mini ba. Sai ya sosa ƙeya ya ce:

"Sai dai Malam, ni fa ba ni da gona."

Ya ce da aka raba ta gidansu, rabonsa bai isa a ce gona ba, ya bar wa ƙaninsa ya fito. Bai rufe baki ba wata mota ta juyo baya, aka jingina katako, gangar ta tashi. Sunkuya, sunkuya, bakin gona da nisa. Ya zabura, ya duba hagu ya duba dama yana neman inda zai ajiye garmar kada a taka, sai ya miƙo mini.

"Don Allah riƙe mini, Malam, ana kirana."

Na karɓa. Mutane na ture ni, ba wurin ajiyewa, na saɓa ta a kafaɗa. Tsohon ya hango ni daga kan buhunsa, ya dubi garmar, ya dube ni, hannunsa bai tsaya ba. Ina tsaye a tsakiyar kasuwa da garmar babana a kafaɗa ana buga takensa, tsohon ya ɗaga murya ya kira sunan saurayin.